Kai Yara Lambun Shaƙatawa a Ƙaramin Gari: Tambayoyi da Amsoshi

Garinmu hedikwatar ƙaramar hukuma ce, kuma lambun shaƙatawa ɗaya tak gare shi: fili ne da aka kewaye da waya, da dalbejiya da mangwaro, da lilo huɗu, da bencinan siminti, sai wani tsohon kududdufi a bayansa. Shekara da shekaru ina kai 'ya'yana da na 'yan'uwa can, musamman da Sallah. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda iyaye suka fi yi mini, wasu a majalisa, wasu ta waya. Garinku ba lallai ya zama irin namu ba, amma irin waɗannan lambuna kusan kamarsu ɗaya.

Me ake samu a can da har za a kwashi iyali a tafi?

In irin wuraren wasan Abuja ne a ranka, ko gidan namun dajin Kano, to da tsaki za ka dawo. Lambun ƙaramin gari ba zaki, ba jirgin da ke juyawa sama. Abin da yake da shi inuwa ce da fili da iska. A garin da aka yanka kowane fegi aka gina, har filin ƙwallon firamare ana ta gutsurar gefensa, waɗannan ukun ba ƙaramin abu ba ne. Yaron da ya saba wasa a lungu tsakanin kwata da babura, ranar da ka sake shi a fili mai ciyawa za ka ga gudun da ba ka san ya iya ba.

Ga kuma kusa, ga arha. Kaka ma sai a tafi da ita, a shimfiɗa mata tabarma a gindin bishiya tana ɓarar gyaɗa tana yi wa jikoki tsiya. Ni wannan ne ya fi kwanta mini a rai. Wurare kaɗan ne ɗan shekara 3 da 'yar shekara 70 za su yini tare ba wanda ya ƙosa.

Wane lokaci ya fi dacewa a je?

Da hantsi, ko bayan La'asar. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato, Nguru, Maraɗi da Damagaram, don haka tsakar rana ba ta yaro ba ce. A shekara kuwa ba kamar kaka, wajen Oktoba da Nuwamba: ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta bushe ba, ƙurar hunturu ba ta sauko ba. Mai yaro mai asma ya kiyayi ranar da hazo ya yi kauri.

Ranar Sallah da washegarinta su ne mafi cunkoso, kuma su ne yara suka fi so, don ɗinki sai an gani yake ɗinki. In za ka iya lallashinsu zuwa rana ta uku ko ta huɗu, ka huta. Ni dai ban taɓa cin wannan gardamar ba.

Ana biyan kuɗin shiga?

Ya danganta. Wani wuri kyauta ne duk shekara, sai da Sallah a kafa teburi a ƙofa. Riƙe canji, don kada ka dogara da tura kuɗi ta waya ranar da kowa ke kan layi. In an karɓi kuɗinka, nemi tikiti.

Mene ne ya fi haɗari a irin wannan wuri?

Ruwa. Yawancin masu tambayata ɓarayin yara suke jira in ce, ko 'yan ƙwacen waya, amma abin da na fi tsoro shi ne ruwan da ke kwance shiru a bayan waya.

Da wuya ka ga gari a ƙasar Hausa da ba shi da kududdufi, ramin da aka haƙa ana ɗibar ƙasar gini, damina ta cika shi. Ba kamar bakin gulbi yake ba, inda ruwa ke ƙaruwa a hankali. Yadda aka sare shi da diga haka bakinsa yake, taku ɗaya ruwa iya gwiwa, taku na biyu ya shanye babban mutum, ƙasan kuma laka ce mai riƙe ƙafa. Duk mai sauraron rediyo a Kano ya saba jin hukumar kashe gobara ta jihar tana sanar da ciro gawar yaro daga kududdufi ko rijiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce yara 'yan shekara 1 zuwa 4 su ne suka fi kowa mutuwa ta hanyar nutsewa.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne nutsewa ba ta da ƙara. Muna zaton za a ji ihu da fantsamar ruwa. Yaron da ruwa ya kai masa baki numfashi yake nema, ba shi da iskar kiran kowa. Kana iya zama taku goma daga wurin kana hira ba ka ji komai ba. Ƙaramin yaro kuwa ba ya buƙatar kududdufi, bahon mai wanke kwanukan abinci ya ishe shi.

Don haka da ka shiga, kafin a shimfiɗa tabarma, zaga wurin da ƙafarka. Ina wayar ta ɓalle? Akwai rijiya, kuma a rufe take? Akwai ramin masai da murfinsa ya fashe? In ka gama, zaɓi wurin zama nesa da ruwan, kuma ka zauna fuskarka na kallonsa.

In yaro ya faɗa ruwa fa?

In ba ka iya ruwa ba, kada ka faɗa, don sau da yawa gawa biyu ake cirowa. Kwanta a bakin ka miƙa gora, ko rawani, ko mayafi, ko ka jefa jarka da ba komai a ciki mai murfi, kana kiran jama'a. In an fito da shi, a bar wannan ɗabi'ar ta juya yaro kai ƙasa ko danna masa ciki wai a fitar da ruwa, ɓata lokaci ne kuma yakan jawo amai ya shaƙe shi. A duba ko yana numfashi. In ba ya yi, a hura masa iska a baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirji, wani kuma ya nemo abin hawa. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti a ranar, don huhun da ruwa ya shiga yakan rikice daga baya.

Ɗana ya iya ninƙaya, shi ma a hana shi?

A hana shi. Ban da zurfi, akwai tsargiya. Ƙwayar cutar tana rayuwa a jikin wasu ƙananan dodon koɗi na ruwan da ba ya gudu, ta fito ta ratsa fatar mai wanka ba tare da ya ji ba. Bayan wani lokaci sai a ga jini a ƙarshen fitsari. A wasu ƙauyuka har ana ɗaukar wannan alamar girma ce ga ɗa namiji, alhali cuta ce da in ta daɗe take lalata mafitsara da ƙoda. Ta yi yawa a yankunan madatsun ruwa da noman rani. Maganinta praziquantel, shi ne wanda akan raba a makarantu.

Akwai masu kwale-kwale da ke zaga yara a dam ɗin garinmu. A bari su hau?

Sai in akwai rigar kariya ga kowane yaro, daidai jikinsa, kuma ka ƙirga mutanen da ke ciki da idonka. A ƙarshen Nuwamban 2021 kwale-kwale ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai ta jihar Kano, mutum fiye da 20 suka rasu, akasarinsu yara 'yan Islamiyya da ke hanyar zuwa Mauludi. Lodi ne ya yi yawa. Ranar biki mai jirgi yana son ya kwashi na shekara, kai ne za ka ce a'a.

Yaya zan gane lilo ko abin sulalowa yana da lafiya?

Taɓa shi kafin yaron ya taɓa. Ja sarƙar da ƙarfinka, ɗaga kai ka dubi inda ta haɗu da ƙarfen sama, don nan ne take cinyewa ba a gani. Girgiza ƙafafun. In suna motsi a cikin ƙasa, simintin gindin ya saki. Shafa gefen abin sulalowa ka ji ko walda ta ɓalle ta bar kaifi. Sannan ɗora bayan hannunka a kan ƙarfen: in ba ka iya barinsa, cinyar yaro ma ba za ta iya ba.

Dubi ƙasan kuma. Faɗuwa a kan yashi kuka ne, faɗuwa a kan siminti ɗinki ne ko ɗori.

Akwai abu biyu da na lura ba a cika faɗa ba. Na farko, yaran da lilo ke fasa wa kai yawanci ba su ne a kai ba, masu giftawa ta gabansa ne, musamman 'yan tatata. Na biyu kayan Sallah. Dogon hijabi, gyale, igiyar wando da babbar rigar da aka ɗinka wa yaro don hoto, duk suna iya sarƙewa a lilo mai juyawa su shaƙe wuya. Kafin yarinya ta hau, a naɗe hijabin a cusa, ko a tafi mata da ƙarami.

Gidan tsalle da ake hura wa iska, wanda 'yan kasuwa ke kawowa da Sallah, a tabbata an ɗaure shi da ƙasa, ba a cakuɗa 'yan shekara 4 da 'yan shekara 12 ba, kuma wayar janareta ba ta kwance inda yara ke takawa ba takalmi. In iska ta taso, a fito da su.

Yaron da tsohon ƙarfe ya yanka, a wanke da ruwa da sabulu, a je a duba ko allurarsa ta tetanus ta cika. Kada a zuba ƙasa ko toka.

Mu da yawa za mu je, manya sun kai shida. Ai ba matsala ko?

Nan ne matsalar take. A ƙaramin gari muna taƙama da cewa ɗa na kowa ne, kuma gaskiya ne, shi ya sa ma wurin yake da daɗi. Amma yaron da yake na kowa, a lokacin da ake buƙatar ido a kansa, ba na kowa ba ne.

Wata ƙaramar Sallah mun je mu bakwai manya, yara goma sha ɗaya. Ana cikin raba abinci ƙanwata ta ɗago ta ce, "Yaya, ina autanka?" Na ce, "Ba yana wurinki ba?" Ta ce, "A'a wallahi, ni na ga Kawu ya riƙe masa hannu." Kawu ya ce shi tun da suka sayi balan-balan ya sake shi wurin Goggo. Goggo kuwa ta ɗauka ya bi yayyensa. Ba wanda ya yi ƙarya, kowa ya gan shi, kowa ya ɗauka yana hannun wani. Mun same shi a wajen ƙofa, tsaye gaban mai rake yana kallon yadda ake fere shi, babura na wucewa ta bayansa. Mai raken ya ce, "Alhaji, ai na ce ya tsaya nan har a zo nemansa." Allah ya saka masa. Minti goma ne, amma har yau in na tuna sai cikina ya juya.

Tun ranar muka sa doka. Kafin a fita gida, kowane ƙaramin yaro a ambaci sunansa da sunan babban da ke riƙe da shi, da baki, kowa na ji. In za ka tafi salla ko sayen ruwa, ba ka tashi sai ka ce, "Goggo, ga shi nan a hannunki," ita kuma ta ce, "Na karɓa." Da farko dariya aka riƙa yi mini, wai na mai da yawon Sallah aikin soja. Yanzu yaran da kansu ke tambaya, "Baba, yau ni na waye?"

Babba ɗaya kada ya wuce ƙanana biyu. Kuma mai kallon waya ba ya cikin lissafi.

Zan iya tura su tare da yayarsu? Shekararta 11, tana da hankali.

Hankalinta ba ya hana ta zama yarinya. Ita ma wasa ta je yi, ƙawayenta na can. In abu ya faru, ba ta da ƙarfin ciro yaro daga ruwa, kuma za a bar ta da nauyin da ba nata ba har tsufanta. Ta taimaka, amma babba ya bi su.

In yaro ya ɓace, me za a fara yi?

Mutum ɗaya ya ruga bakin ruwa, ɗaya ya tsaya a ƙofa ya gaya wa mai gadi, sauran su bazu. Ruwa ne farko, saboda shi ne ba ya jira. Kada ka tsaya kiran suna kawai, ɗaga murya ka faɗi kamanninsa: "Yaro ɗan shekara 4, shuɗiyar shadda, ba hula!" Nan take idon mutum ɗari ya zama naka. In an ɗauki lokaci, a kai cigiya masallacin da ke kusa mai lasifika, da gidan mai unguwa, da ofishin 'yan sanda. A Najeriya lambar gaggawa 112 ce, sai dai a ƙaramin gari lambar ɗan acaɓan da ka sani takan fi saurin kawo ɗauki, don haka riƙe duka biyun.

Tun a gida, ɗauki hoton kowane yaro da kayan da ke jikinsa, ka rubuta lambar wayarka a takarda ka sa masa a aljihu. Koya masa cikakken sunan mahaifinsa da unguwarsu. "Baba" da "gidanmu" ba sa kai kowa ko'ina.

To batun satar yara da rashin tsaro fa?

Ba zan ce babu ba. A 2019 'yan sandan Kano sun gano yaran da aka sace daga unguwannin birnin aka kai su kudu, kuma kowa ya san halin da wasu yankunan Zamfara, Katsina, Sakkwato, Kaduna da Neja suke ciki. Amma a raba abu biyu. Matsalar 'yan bindiga ta hanya ce da bayan gari. In lambun yana wajen gari, ko daga wani gari za ku taso, tambayi direbobin tasha da safiyar ranar, sun fi kowa sanin hanya. Ku kuma kamo hanyar gida kafin Magariba.

A cikin lambun kuwa, mai ɗaukar yaro ba da ƙarfi yake zuwa ba, da alawa yake zuwa, ko ya ce "Mamanka ce ta aiko ni." Gaya wa yaro ba ya bin kowa, ko wanda ya sani ne, sai ya zo ya faɗa maka da bakinsa. Ƙwacen waya da yankan aljihu sun fi yawa a ƙofa lokacin tashi, da kuma ranar hawa in jama'a sun taso daga kallon dawaki. In samari suka fara rigima, kwashe yaranka ka bar wurin, ba kai ne mai rabo ba.

A sayi abinci a can ko a tafi da na gida?

Ruwa dai a tafi da na gida. Abin da aka sauke daga wuta a gabanka, tsire, ƙosai, awara, dankali, ya fi aminci. Inda ake kwasar ciwo shi ne zoɓo da kunun aya da ƙanƙarar da ba ka san ruwan da aka yi su da shi ba, da yankakkiyar kankana da ta yini ƙuda na sauka, balle da damina lokacin amai da gudawa. Sai dai hana yaro askirim ranar Sallah zalunci ne, a saya mai rufaffiyar leda wanda bai narke ya sake daskarewa ba.

Kada yaro ya yi gudu da tsinken tsire a hannu. 'Yan ƙasa da shekara 4 kuma a kula da gyaɗa, alawa mai tauri da fasasshen balan-balan, suna maƙalewa a maƙogwaro.

In gudawa ta kama yaro da dare, a haɗa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata biyu, da sukari cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokalin shayi. In ya kasa sha, ko idonsa ya faɗa, sai asibiti.

Macizai da sauran dabbobi?

Inda ciyawa ta yi tsawo ko aka tara duwatsu da tsofaffin bulo, nan kububuwa da kunama ke fakewa, kuma yara su sa takalmi. In maciji ya sari wani, ba ɗauri, ba tsagawa, ba tsotsa. A hana gaɓar motsi, a cire zobe ko awarwaro, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafi. Asibitin Kaltungo a jihar Gombe ya yi suna a wannan aiki, amma ka san na kusa da kai tun kafin buƙata ta taso.

Cizo ko yaƙushin kare ko biri, a wanke da sabulu da ruwa mai zuba na minti 15, sannan a tafi neman allurar haukan kare a ranar. Wasu lambunan suna ajiye biri ɗaya a keji don jan yara. Wanda ya taɓa zuwa Yankari ya ga yadda birai ke fizge abinci a hannun mutane ya san ba abokan wasa ba ne.

Sauro kuma da Magariba yake fara aiki, wani dalilin ke nan na tashi da wuri.

In hadari ya taso muna can?

Kada a fake a gindin bishiya, kada a tsaya kusa da lilon ƙarfe. A shiga gini ko mota. Iskar farkon damina tana karya reshen dalbejiya kamar karan dawa.

Wurin ya dace da mata da 'yan mata?

Da rana, cikin iyali, ƙwarai. Abin da ke hana mata sakewa ba mutane ba ne, banɗaki ne. Yawancin irin waɗannan lambuna ko dai babu, ko yana kulle, ko ba ya shiguwa. A tafi da buta da darduma, kowa ya kewaya kafin a fito, kuma kada a tura yarinya bayan gini ita kaɗai. In akwai 'yan'uwa kusa da wurin, gidansu ne mafita, a haɗa da gaisuwar Sallah.

Malam, duk wannan ba tsoro ne ya yi yawa ba? Ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Haka ne, amma wanda ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙuminsa ya yi tawakkali, cewa aka yi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Kuma duk abin da na lissafa bai fi aikin minti goma ba: zaga waya, ja sarƙa, raba yara. Sauran yinin naka ne, ka miƙe ƙafa ka sha rakenka.

Wa ke da alhakin gyaran wurin, kuma ina za a kai kuka?

A Najeriya, jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya sa gina lambuna da wuraren shaƙatawa da kula da su cikin ayyukan ƙananan hukumomi, waɗanda suke 774. A Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kasonsu kai tsaye. Saboda haka kansilan mazaɓarku da sashen ayyuka na sakatariya su ne ƙofar farko, kuma takarda mai sa hannun iyaye ashirin da hatimin mai unguwa ta fi ƙorafi a majalisa nauyi. A haɗa da hoto.

Mu mun rubuta sau biyu a kan wayar da ta ɓalle ta ɓangaren kududdufi. Ta farko ba amsa, ta biyu aka ce an sa a kasafin baɗi. Da azumi ya raba, sai muka yi karo-karo mu tara, muka sayi waya da siminti buhu biyu, wani mai walda a bakin kasuwa ya ɗinke ɓarakar, ya kuma canza sarƙar lilo biyu. Kuɗin aiki ya ƙi karɓa, ya ce nasa yaran ma can suke zuwa. Takarda ta uku, wadda ta shafi murfin rijiya, tana sakatariya har yanzu, mun dai ɗora tsohuwar ƙofar mota a kai mun danne da dutse.